Aron da Goggo Ba Ta Mayar Ba

Ina ƙarama na fara lura da ƙwaryar. Tana rataye cikin ragaya a saman ƙofar ɗakin Goggo, a kife, jikinta da zanen ƙuna irin na Fulani. Bayan la'asar hasken rana yakan shigo ta 'yar taga ya sauka a kanta, sai ta yi jawur kamar wata a farkon fitowarsa. Ban taɓa ganin an dama fura a cikinta ba. Da na tambaya, Goggo ta ce ajiya ce. Da na tambayi mai ita, ta ce in je in wanke ƙafafuna.

Ƙwaryar nan na fara ɗaga kai na kalla ranar da Allah Ya karɓi Goggo, a daminar da ta wuce. Daga gare Shi muke, gare Shi kuma za mu koma. Goggo yayar mahaifinmu ce, a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata, a gidanmu na gado da ke cikin birni, can ciki da Ƙofar Doka.

Bayan an kai ta makwancinta, Baba ya tsaya a zaure ya yi sanarwa yadda aka saba, cewa duk mai ajiya a wurin marigayiya ya zo ya karɓa. Maza suka ce amin suka ci gaba da jan carbi. Cikin gida kuwa sai da muka rasa wurin shimfiɗa tabarma. Mata suka yi ta shigowa, wasu mun san su, da yawa ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Ga 'yan ƙauye da ƙafa duk taɓo, ga matan ma'aikata da ƙamshin turare, ga wata da sarƙar giciye a wuya ta tsuguna a bakin ƙofa tana share ido da gefen zani. Kawu ya leƙo ya tambayi Inna a hankali ko Hajiya asibiti ta buɗe ne bai sani ba.

Wata tsohuwar Bayarabiya da muke kira Iya mai ɗinki ta shigo da kuka tun daga soro, hannu biyu a ka. Matan gidanmu suka yi ta ba ta baki, don mu ba ma ɗaga murya a kan mamaci. Ta ce su bar ta, uwarta ce ta mutu. Sai wata maƙwabciyarmu, tsohuwa mai kaifin baki, ta gyara zama ta ce Allah Ya jiƙan Hajiya, mutuniyar kirki ce, aibinta ɗaya, in ta ari kwano ba ta mayarwa. Ɗaki ya ɗauki dariya da hawaye a ido. Yayata tana gefe tana zuba wa baƙi ruwa. Ta sunkuyar da kai. Saboda wannan maganar ta aro na zauna rubuta wannan, don kada abin ya tsaya a dariya.

Goggo dillaliya ce. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, ba ta sake aure ba, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Da hantsi za ta yafa gyale, ta ɗora ƙunshinta a ka, ta bi lungu-lungu gidajen matan kulle. Ta karɓi zanin wannan ta kai wa waccan, ta fita da fanteka ta dawo da sarƙa. Ba mai tambayar dillaliya abin da ta fito da shi daga gida. Ta nan aka fara ba ta ajiya. Matar da zama ya ƙi mata daɗi, tana tunanin fita, takan fara fitar da abin da ba za ta iya bari ba, ɗaya bayan ɗaya, ta hannun Goggo. Ƙarƙashin gadonta kullum cike yake da kayan da ba na sayarwa ba.

Ni a lokacin ba abin da ke kaina sai littattafan soyayya. Ina aro a kasuwa, ina ɓoyewa a cikin littafin lissafi, ina kuka in an raba masoya. Goggo tana kirana 'yar littafi. Takan sa in karanta mata tana tsintar wake, in na kai inda aka ɗaura aure littafin ya ƙare, sai ta ce, "Iyakarsa ke nan? Marubucin nan ya gudu daidai inda labari ya fara."

Daga nan sai ta kama nata karatun. Tana da ra'ayi a kan kowace ƙabila, kuma ba ta jin nauyin faɗa. Ta ce dukan miji iri ɗaya ne ko'ina, amma kowace mace da abin da ke fitar da ita. Bayarabiya, in ji ta, za ta rama da baki, ta tara maƙwabta, gobe ta dafa masa abinci. Amma kada ka taɓa mata sana'a. Iya mai ɗinki ta sha duka a Tudun Wada har haƙorinta ya fita, ba ta motsa ba. Ranar da mijin ya ce zai sayar da keken ɗinkinta, da rana tsaka ta kwance kan keken ta goya shi a baya kamar jariri ta kawo wa Goggo. Iya da kanta takan ba da labarin tana dariya, ta ce miji ana samun wani, keke mai ƙafa kuwa sai an sha wahala.

'Yar ƙauye kuwa, Goggo ta ce, ba ta lissafa abin da aka yi wa jikinta, sai ranar da abin ya kai ga 'ya'yanta. Mai giciyen nan da ta zo makoki ta daɗe ba ta fita ba, domin su a wurinsu ba a saki, kuma danginta sun riga sun ci kayan aure. Sai da ta tabbata kashe ta za a yi.

Har Baturiya ta taɓa ba ta ajiya, matar wani malamin jami'a a Samaru, mai zuwa sayen tsofaffin zannuwan saƙi. Na ga matar da idona, doguwa, gashinta kamar gezar masara, na yi ta mafarkin irin soyayyar da ta ƙetaro da ita teku. Ajiyarta fasfo ne, nata da na 'ya'yanta, cikin gwangwanin madara. Goggo ta ɗauka Baturiya mari ɗaya ya ishe ta. Ashe ta yi shekaru a ciki. Da 'yar Hausarta ta gaya wa Goggo cewa abin da ya kore ta shi ne ranar da ta kai ƙara wurin dangin mijin suka yi murmushi. Ta ce za ta iya zama da mutum ɗaya mai laifi, amma ba za ta iya zama a inda ba wanda ya ga laifin ba.

Na tambaye ta, mu fa? Ta zubar da tsakuwar da ta tsinta ta ce, "Mu 'yan birni sunan gida ke ɗaure mu. Da kaya. 'Yar birni za ta haƙura da karyewar haƙarƙari, amma ba za ta iya jure a ga ana fito da kwanukanta ana bin lungu da su, mata na leƙe ta katanga ba."

Yaya ita ce babba a ɗakinmu. Sunan kakarmu aka sa mata, shi ya sa Goggo ke kiranta Uwata, Baba kuwa bai taɓa kama sunanta ba. Aurenta na so ne, ba wanda ya matsa mata. Saurayin ma'aikacin gwamnati ne, fari, mai tsabta, yana zuwa zance a kan farin babur, ƙamshinsa yana riga shi shigowa zaure. Ni a idona daga cikin littafi ya fito. Ranar da aka kai ta Gyallesu, Inna ta yi mata jeren da aka daɗe ana maganarsa: samira tun daga ƙasa har sama, tangaran a cikin kabad mai gilashi, kwalla da langa kowanne da murfinsa. Na kwana ina tunanin wata rana ni ma haka.

Ta haifi 'yarta ta fari, muka sha suna. Daga nan Yaya ta fara rage zuwa gida. In ta zo takan zauna a inda ba haske, ta ce ciwon ido take. Wata rana ta ce a bakin rijiya ta zame. Gidan ba rijiya, famfo ne. Goggo ta yi ta zuwa da ƙunshinta tana jira a miƙo mata wani abu a ce ajiye min. Yaya ba ta taɓa ba ta ko cokali ba. Sai ta kawo mata ruwa, ta tambayi mutanen gida, ta rako ta bakin ƙofa.

Faɗan Goggo da Baba a gabana aka yi shi, ina shara a tsakar gida. Ta same shi a kan buzu bayan ya sallami masu ɗaukar karatu. Ta ce ya aika a ɗauko Yaya. Ya ce yarinya ba ta kawo ƙara ba, shi kuma ba zai shiga gidan mutum ya raba shi da iyalinsa ba. Ya ce a gidan nan ba a taɓa yin 'yar da ta kashe aurenta ba, kuma ko wane aure da irin nasa. Goggo ta shiga ɗaki, ta taka turmi, ta sauko da ƙwaryar, ta busa ƙurar, ta ajiye a gabansa.

A ranar na ji labarinta. Ta wata Bafulatana ce mai kawo nono cikin birni, da ta auri wani mahauci. Ƙwaryar uwarta ce, ita ta fara kawowa ajiya. Ta nuna wa Goggo bayanta ba tare da ta ce uffan ba. Goggo a lokacin ta yarda da karatunta: Bafulatana ba ta fita don ciwo, kunya ta hana ta nuna ta ji, sai ranar da aka zage ta a gaban mutane. Don haka ta ce mata ta koma, ranar da ta shirya ɗaki na nan. Mutumin kuwa ba mai zagi ba ne. Shiru-shiru ne, ko maƙwabta ba sa jin muryarsa.

"Ina zaune ina jiran ya zage ta," in ji Goggo, "sai aka aiko min in zo wanka. Ni na wanke ta, Malam. Na ga abin da ke ƙarƙashin zani. Kai jira kake ta kawo ƙara. Ni na taɓa yin irin jiran nan."

Baba ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya ce, "Hajiya, Allah Ya jiƙanta. Amma ba zan aika ba." Suka yi wata da watanni gaisuwa kawai ke haɗa su.

Bayan 'yan kwanaki Goggo ta je Gyallesu da rana, lokacin da mijin ke gida cin abinci. Ta gaishe shi da fara'a, ta ce ana biki a unguwarmu, ta zo aron samira guda biyu. Wa zai hana uwa aron kwano? Shi da kansa ya ce a ba ta. Sati na zagayowa ta koma, wai suna ake yi, tana son kwalla. Daga nan walimar saukar karatu. Daga nan sadakar arba'in ta wani tsoho da na tabbata yana nan da ransa. A shekarar nan, in ka bi ta bakin Goggo, ba gidan da bai yi taro ba a cikin birni. In Yaya ta yi maganar na baya, sai ta dafe goshi ta ce tsufa, wallahi ta manta, za ta haɗo su gaba ɗaya.

Don kada abin ya yi kama da abin da yake, sai ta shiga aro a wurin kowa. Ta ari faranti a nan, ta ari ludayi a can, ta riƙe har sai an aiko yaro sau da yawa. Matar da aka sani da riƙon amana ta koma abin zolaya. In ta doso gida mata su ce a ɓoye kwanuka ga Hajiya nan. Inna ta yi fushi sosai, don ita ta san wahalar da ta sha kafin ta haɗa jeren nan. Ta ce da ni Goggonku ta fara ruɗewa. Ni kaɗai na san inda kayan suke, tunda a ɗakin nake kwana. Ta sa an kafa katako a bango, tana jera su yadda Inna ta jera a Gyallesu, babba a ƙasa ƙarami a sama, ta rufe da tsohon zani.

Kabad ɗin Yaya ya koma wayam. Ranar da Goggo ta je aron tangaran na ƙarshe, ina tare da ita. Yaya ta naɗe mata su a tsumma, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Goggo, na san abin da kike yi." Goggo ta ce, "To, Uwata. Yanzu in kin tashi fita ba mai ganin kwanonki a lungu. Gyale kawai za ki yafa, kamar mai zuwa barka."

A hanya Goggo har da 'yar waƙarta. Ta ce kafin sallah za mu ga Yaya. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Yaya ba ta fito ba. Goggo ta rame. Takan ɗaga zanin ta goge samirar ta mayar, ta zauna tana kallon saman ƙofa. Ta daina sa ni karatu. Wata rana na ji tana cewa da Iya mai ɗinki, ta cire wa yarinya kunyar kaya, to me kuma ya rage? Iya ta ce, "Mama, ke kin san ƙabila, amma ba ki shiga cikin mutum ba."

Yaya ta zo ne wata ranar Laraba da hantsi, an ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na ƙamshi. Da ƙafa ta tako tun daga Gyallesu, ta shigo ta Ƙofar Doka riƙe da hannun 'yarta, ba ko jaka. Wanda duk ya gan ta ya ɗauka unguwa za ta. Ta wuce ɗakin Inna ta shiga na Goggo. Goggo ta yaye zanin, Yaya ta ga jerenta, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ban taɓa ji ta yi ba. Ba ta faɗi abin da ya fito da ita ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Washegari bayan azahar aka zo biko. Baba ya shigo cikin gida da niyyar ya ce ta shirya ta bi mijinta, don ya riga ya gaya wa Inna haka. Yana tsaye a tsakar gida sai ƙarar babur ta tsaya a ƙofar zaure. 'Yar Yaya, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, tana wasa da 'yar tsana a gindin bango. Tana jin ƙarar ta ajiye 'yar tsanar. Ba ta ruga wurin ubanta ba, ba ta kuma ɓuya ba. Ta je randa ta ɗebi ruwa a ƙaramar tukunya, ta ɗauko da hannu biyu yana zuba mata a riga, ta ɗora a murhun Inna. Sannan ta jawo tsumma daga igiyar shanya ta tsaya tana jira.

Baba ya ce, "Amarya, me za ki dafa mana?"

Ta ce, "Ba dafuwa ba ce. Na Umma ne. In Abba ya gama sai a gasa mata."

Yaya na bakin ƙofar Goggo, ta ce a hankali, shekaranjiya ma haka yarinyar ta yi, ba wanda ya sa ta. Baba ya sunkuya ya sauke tukunyar da hannunsa. Ya gyara rawani ya fita zaure. Ba mu ji ya ɗaga murya ba. Daga baya Kawu ya gaya mana abin da ya ce: ya ba da 'ya da mutunci, yana roƙon a sauwaƙe mata da mutunci, in kuma an ƙi, shi da kansa zai taka zuwa gaban alƙali. An ja maganar har kaka, amma an sauwaƙe, kuma yarinyar ta zauna a hannun uwarta.

Da la'asar ɗin ranar bikon Baba ya tsaya a ƙofar ɗakin Goggo ya yi sallama, abin da ya daɗe bai yi ba. Ta miƙo masa goro, ya karɓa. Iyakar sulhunsu ke nan.

Goggo ta daɗe tana zolayar Yaya, wai ta yi mata aikin 'yan birni ta fita da dalilin 'yan ƙauye, lallai akwai jinin noma a gidan nan. Ba ta daina maganar ƙabilu ba har ta rasu, amma ta sauya yadda take yi. Takan ce Bayarabiya na da keke, Baturiya na da jirgi, 'yar ƙauye na da gonar ubanta, kowace da abin da za ta dafa in ta fita, da abin da za a ƙwace mata. Wannan bambancin gaskiya ne. Amma ranar fita, ba wanda ya san ta, ko ita mai fitar. Daga kan Yaya ba ta ƙara cewa da wata mace ta koma sai ta shirya ba. Duk wadda ta nuna mata baya, a ranar take shimfiɗa mata tabarma.

Ni ma na yi aure, kuma har yanzu ina karanta littattafaina. Sai dai in na kai shafin ƙarshe nakan ji muryarta tana tambaya ko iyakarsa ke nan.

Kafin a tashi daga zaman makoki ƙarƙashin gadon ya koma fili. Kowa ta karɓi nata, wata 'yan kunne, wata takardar shaidar makaranta, wata zanin goyo. Ƙwaryar ce kawai ta rage. Baba ya ce a nemi dangin mai ita. An tambayi masu kawo nono, ba wadda ta tuna. Sai Yaya ta ce a bar ta a inda take.

Yaya ba ta sake aure ba sai da 'yarta ta gama sakandare, ta auri wani mai sayar da hatsi, dattijo mai sanyin hali, a bayan gidanmu. Tun da ƙafafun Goggo suka fara ciwo ita ta karɓi ƙunshin, yanzu ita ke bin lungunan. Allah Ya jiƙan Goggo, Ya yalwata kabarinta, Ya ba ta ɗakin da ba a fita.

Ranar sadakar arba'in, muna wanke-wanke, wata mata ta ja ni gefe. Ta ce don Allah in yi wa Yaya magana, ta ari langa a ɗakin ƙanwarta tun kafin azumi, ta koma ta ari kwalla, jiya kuma ta je neman samira, ga mijin yarinyar mutum ne mai zafi. Na dubi Yaya, tana tsugune tana jera kwanuka, babba a ƙasa ƙarami a sama. Na ce da matar ta yi haƙuri, gado ne. Na kuma ce, in da hali, gobe ta je ta duba ƙanwarta, ta zaunar da ita a inda akwai haske.